Albasa: Sunan da Ya Ƙetare Hamada Ya Sauka Fadamar Kebbe

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Shagari da Tambuwal ta nufi Aliero da Jega, hancinsa zai riga idonsa sanin abin da ake ciki. Manyan motoci ne jere a bakin titi, 'yan dako na saɓa buhuna, dillali na tsaye da waya a kunne. Shi yana cewa albasa. Mai saye da ke Ibadan yana cewa alubosa. Wanda ke jira a Anaca yana cewa yabasi, na Bida kuma lubasa. Babu tafinta a tsakaninsu, kuma ba a taɓa jin an loda wa wani gyaɗa bisa kuskure ba. Kalma ɗaya ce kowannensu yake furtawa, kowa ya lanƙwasa ta yadda harshensa ya saba.

Wani kaso na wannan kaya daga ƙasar Kebbe yake fitowa. Baƙi kan rikita Kebbe da Kebbi, alhali Kebbe ƙaramar hukuma ce a kudancin jihar Sakkwato, kudu da Tambuwal, ta yi iyaka da jihar Kebbi da ta Zamfara. Gulbin Zamfara, bayan ya baro Gummi, ta nan yake bi kafin ya kai Jega, kuma fadamarsa ce ke riƙe da noman rani na mutanen wurin: shinkafa, tattasai, tumatir, da albasa. Manomin da ke duƙe yana dasa iri a wannan fadama yana riƙe da suna wanda ya girmi daular Usmaniyya, ya girmi masarautar Kabi ta Kanta, ya girmi zuwan Musulunci ƙasar Hausa da shekaru dubbai.

Tushen sunan

Baƙaƙe uku ne asalinsa: ba, sadi, lam. Balarabe yana cewa basal idan yana nufin jinsin, basala idan ƙwaya ɗaya ce. Bayahude yana cewa basal da Ibrananci, jam'insa besalim. A Suryananci, harshen tsofaffin Kiristocin Sham da Iraƙi, besla ne. Tsohon harshen cocin Habasha ma yana da basal. Waɗannan harsuna 'yan gida ɗaya ne, sun gaji kalmar daga kaka guda.

Almajirin da ya kai Baƙara ya gamu da ita. A aya ta 61 ne aka ba da labarin mutanen Annabi Musa (AS) da suka ƙosa da abinci iri ɗaya a cikin daji, suka roƙi abin da ƙasa ke tsirarwa, kuma albasa ce ta zo ƙarshe a jerin abin da suka lissafa. Labarin yana cikin Attaura, a Littafin Ƙidaya, sura ta 11, inda suka tuna da albasar Masar da tafarnuwarta. Kewar tasu tana da dalili. Masarawan dā sun ɗauki albasa da daraja har suna sa ta cikin kayan binne sarakuna: an sami ƙananan albasa a gurbin idanun gawar Fir'auna Ramsis na Huɗu, wanda ya yi mulki a ƙarni na 12 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Herodotus, marubucin tarihin Girka, ya ce an nuna masa rubutu a jikin dalar Giza da ke lissafa abin da aka kashe wajen ciyar da magina da albasa da tafarnuwa. Ita kanta shukar daga tsakiyar Asiya ta fito, wajajen Iran da maƙwabtanta na gabas, inda har yau danginta na daji ke tsirowa a kan duwatsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kalmar ta shiga Afirka ta Arewa har sau biyu. Finikiyawa, mutanen gaɓar Lubnan, sun kafa birnin Kartaj a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, kuma harshensu ɗan'uwan Ibrananci ne na kusa. Rumawa sun rusa Kartaj a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, harshen ya mutu daga baya, amma har gobe Barbarawan kudancin Maroko suna kiran albasa azalim, wanda masana suka gano ragowar besalim ne na mutanen Kartaj. Da Larabawa suka zo a ƙarni na 7, suka kafa Ƙairawan a 670, sai tushen ya sake shigowa da sabuwar riga. Barbarawan Kabiliya a Aljeriya suna cewa lebsel. Wannan zuwa na biyu shi ne ya ƙetaro hamada ya iso mu.

Yadda alif da lam suka manne

A Larabci, al ba ya cikin kalma. Ƙari ne da ake sawa don a nuna abin da aka sani, kamar yadda muke cewa gidan ko rigar. Amma wanda ya ji baƙon fatake yana cewa al-basal a bakin kasuwa ba shi da hanyar sanin inda kalma ta fara, sai ya ɗauke ta dunƙule. Haka muka sami alkama, allura, almakashi, aljihu, alƙalami, allo, alƙali. Inda harafin farko ya kasance cikin haruffan shamsiyya, waɗanda ke haɗiye lam, sai muka ɗauko shi a haɗiye kamar yadda kunne ya ji: annabi, addini, attajiri, asuba, azahar. Shi kuwa harafin ba na ƙamariyya ne, waɗanda ba sa haɗiye lam, shi ya sa lam ɗin albasa ya tsira. Mai tallar albasa a Kuchi ko Dogon Daji yana kiyaye ƙa'idar tajwidi a bakinsa kullum, ko ya zauna gaban malam ko bai zauna ba.

Joseph Greenberg, masanin harsuna ɗan Amurka wanda ya zauna Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya yi rubutu a 1947 kan kalmomin Larabci da ke cikin Hausa. Ya raba su gida biyu: tsofaffi da suka shigo ta baki, ta hanyar ciniki da cuɗanya, da na baya da malamai suka ɗebo daga littattafai. Mannewar alif da lam na cikin alamomin rukunin farko. A 1960 ya ƙara nuna cewa wasu muhimman kalmomi, irin su kasuwa da karatu da rubutu, ta hannun Barebari suka iso mu. Akwai kuma tarin kalmomi da alif ɗin ya faɗi, lam kaɗai ya rage: lafiya, labari, laifi, lokaci, littafi, liman.

To ta wace ƙofa albasa ta shigo? Babarbare yana cewa luwasar, da lam a gaba babu alif. Bazabarme yana cewa albasan. Tamu ta fi kama da ta yamma, wato ta Zabarmawa, nesa ba kusa ba. Kuma nun ɗin da ke ƙarshen kalmar Zabarmawa gurbin lam ɗin Larabci ne, wanda mu muka yar, don haka da wuya a ce daga bakinmu suka karɓa. A ganina wannan yana nuna hanyar yamma, hanyar Wangarawa da Sanwai, wadda Tarihin Kano ya ce ta kawo malamai da fatake a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Ƙasar Kabi, wadda Kanta ya fitar daga hannun Askiya Muhammadu na Sanwai a farkon ƙarni na 16, ita ce bakin wannan ƙofa, kuma yankin Tambuwal da Kebbe a cikin farfajiyarta yake.

Da kalmar ta zauna, Hausa ta yi mata abin da take yi wa kowane baƙo. Harshenmu ba ya son suna ya ƙare da baƙi, sai aka datse lam na ƙarshe. Da ta ƙare da wasalin a, sai ta zama mace: albasa ta yi tsada, albasa ta ruɓe. Bakano zai ce albasar Kebbe, mutumin wurin kuwa, da Sakkwatancinsa, albasak Kebbe zai ce.

Tagwayen noman rani

Ba banza ba alkama da albasa suka zo da suna iri ɗaya. Gero da dawa da wake 'yan damina ne, sunayensu kuma namu ne tun fil'azal. Alkama da albasa kuwa sanyin hunturu suke so, ga su da buƙatar ban ruwa, wato irin noman da mutanen dausayin hamada da na gaɓar Nilu suka gwanance a kai. Sunan da shukar da dabarar jigo duk sun dace da hanya guda.

A ƙarni na 19 abin ya riga ya kafu a wannan yanki. Bayan jihadi, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal ribaɗi, Jega kuma ta bunƙasa ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin yammacin daula. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi, ya sauka Gwandu a watan Mayu na 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, a hanyarsa ta zuwa Tambutu. Cikin abubuwan da ya yaba a garin har da albasarsa, saboda girmanta da kyanta. Daga Gwandu zuwa Tambuwal tafiyar yini ce ga mai ƙafa. Sunan da Aliero ta yi yau a matsayin babbar kasuwar albasa ba jiya ya faro ba.

Ɗanyar albasa ba ta jure tafiyar wata biyu ko uku a bayan jaki. Saboda haka kakanninmu suka nemo dabara: a yanke lawashi, a daka, a cura, a shanya ya bushe ya zama gabu. Paul Lovejoy, a littafinsa kan fataucin goro da aka buga a Zariya a 1980, ya lissafa busasshen ganyen albasa cikin kayan da ayarin Hausawa ke kaiwa Gwanja, tare da kanwa da tufafi da kayan fata, su dawo da goro. Ɗaya daga hanyoyin ayarin ta Jega take bi, ta ƙetare Kwara, ta ratsa Bargu ta kai Yandi da Salga. Dagombawan Yandi, a arewacin Gana, alibalsa suke cewa har yau.

Kudu kuma, Nufawa suka yar da alif suka ce lubasa. Yarbanci ba ya yarda baƙi biyu su haɗu babu wasali a tsakani, don haka ya cusa u ya ce alubosa, kamar yadda albarka ta zama alubarika, alwala ta zama aluwala, alkama ta zama alikama. Mutanen Binin suka ce alubara, Ibo suka ce yabasi. Gaskiya ce ba kowace kalmar Larabci da ke Yarbanci ce ta bi ta bakin Bahaushe ba. Stefan Reichmuth, wani masani Bajamushe, ya nuna cewa wasu ta hanyar Sanwai da Dandawa suka sauka ƙasar Oyo. Ko ta wace hanya, daga arewa ta gangara, kuma hannun da ke miƙa kayan a kasuwar Ibadan da Legas, jiya da yau, sananne ne.

Tafiyar ba ta tsaya bakin teku ba. Cikin bayin da aka kwasa zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil a farkon ƙarni na 19 akwai Yarbawa da Nufawa da Hausawa masu yawa, waɗanda suka yi ta tayar da bore tun daga 1807 har zuwa babban boren Musulmi na watan Janairun 1835. Jikokinsu Fotugisanci suke yi yanzu. Amma a gidajen da ake riƙe da al'adun Yarbawa na gargajiya a can, idan aka zo kan kayan hidima, alubosa ake kiran albasa. Kalmar da ta fito gabas, ta ratsa hamada a bayan raƙumi, ta ƙetare teku a bakin mutanen da aka raba da komai nasu, kuma ba su yar da ita ba.

Wanda ya zo ta ruwa

Akwai suna na biyu da ya shigo Afirka ta Yamma, shi ta jirgin ruwa. Rumawa suna cewa kepa, ƙaramarta kepulla. Daga nan Italiya ta sami cipolla, Sifaniya cebolla, Fotugal cebola, Jamus Zwiebel, Folan cebula. Fotugisawa sun gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana a 1482, shi ya sa mutanen Ga na Ankara suke cewa sabolai, Ebe na Togo da gabashin Gana suke cewa sabala. Idan ka ɗauki taswira ka sa alama inda ake faɗin ɗiyan basal da inda ake faɗin ɗiyan kepa, za ka ga inda fataucin tudu ya tsaya da inda na teku ya fara. A Gana iyakar tana tsakiyar ƙasa. A Nijeriya kuwa sunan arewa ya kai har bakin ruwa, duk da cewa Fotugisawa sun isa Binin tun shekarun 1480.

Sifaniya ta ba da wata hujja ta daban. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, kuma Sifaniyanci ya ɗebi ɗaruruwan kalmomi da alif da lam manne, daidai yadda Hausa ta yi. Shugaban gari a can alcalde ne, ɗan'uwan alƙalinmu, dukansu daga al-ƙadi. Sun ari sunan auduga da sukari da shinkafa daga Larabawa, domin Larabawa ne suka yaɗa nomansu a can. Albasa kuwa suna da ita tun zamanin Rumawa, sai suka riƙe sunansu.

Turancin Ingila ya bi wata hanya. Columella, wani marubucin Rum kan aikin gona a ƙarni na 1, ya ce ƙauyawa suna kiran wata irin albasa unio, kalmar da masana da yawa ke dangantawa da ɗaya, tun da albasa dunƙule guda take yi, ba kamar tafarnuwa mai 'ya'ya da yawa ba. Daga nan Faransa ta sami oignon, Ingila ta ara ta ce onion. Farisawa nasu piyaz ne, shi ne ya shiga Indiya da Pakistan. Waswahili, duk da yawan Larabcin da ke harshensu, kitunguu suke cewa, kalmarsu ta gida.

Abin da muka ƙara

Kowane harshe ya ja ma'anar zuwa inda yake so. Bajamushe yana kiran saiwar kowace fure mai dunƙule da sunan albasa, har da ƙubbar coci mai irin siffarta. Bafaranshe yana kiran kumburin gindin babban yatsan ƙafa da shi. Mu ma mun yi namu. J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga a 1916, ya rubuta albasar kura da albasar kwaɗi, tsirran daji masu dunƙulen saiwa waɗanda ba a ci. Baƙuwar kalma ta zama ma'aunin da muke auna tsirran dajinmu da shi. Ta shiga karin magana kuma: idan ɗa ya tashi bai ɗauko halin iyayensa na kirki ba, sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wanda ya fara faɗin wannan ya san ban ruwa da hannunsa, ya ga yadda ake shayar da ita ruwa mai sanyi wata uku ko huɗu ta fito da yaji mai sa hawaye. Malamai ma suna da nasu bayani a kanta, domin hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ci ta ɗanya ya nisanci masallaci har warin ya gushe.

Aikin da ke bayan sunan ba ƙarami ba ne. Ana yafa iri a wurin raino tun ƙarshen damina. Bayan kamar mako shida, idan ya kai tsawon yatsa ko fiye, sai a cire a dasa ɗaya bayan ɗaya a fangali, mutum na duƙe cikin laka da sanyin hunturu. Injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, amma ya zo da kuɗin mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 wannan kuɗi ya zama abin da ke hana manomi barci. Ga taki, ga ƙwarin da ke tsotse ganye, ga fargabar 'yan bindiga da ta sa wasu ƙauyukan Kebbe da ke kusa da daji ba sa sakin jiki su wuni a gona. Idan wuyan albasa ya yi laushi ganye ya kwanta, an kai ga cira. A nan ne ciwon yake: kowa lokaci guda yake cira, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Dillali ya taya, manomi ya ce albarka, wato bai sallama ba, amma bashin taki na jiransa, kuma ya san gobe wasu motocin za su ƙara shigowa. Mai hali yakan zuba a rudu, rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa sama da ƙasa don iska ta ratsa, ya jira tsadar Oktoba zuwa Disamba. Zafin bazara da laimar damina kan cinye kaso mai yawa kafin lokacin.

Nijeriya ta ɗanɗana muhimmancin hanyar da ke kai albasa daga arewa zuwa kudu. A ƙarshen 2020 albasa ta yi tsadar da ta zama abin magana a kowane gida daga Legas zuwa Fatakwal. A watan Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ya ci rayuka da dukiyar 'yan kasuwa, masu safarar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, kuma a watan Yuni ƙungiyar masu noma da sayar da albasa ta sake yin irin wannan saboda asarar da 'ya'yanta suka yi a hanya. Na ji zafin abin ƙwarai, domin mutanen da suka yi shekaru ɗaruruwa suna ciniki har suka haɗa suna guda ne suka wayi gari suna tsoron juna.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane cewa suna ma dukiya ne. Jar albasar Galmi, a jihar Tawa, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, ta yi suna daga Abijan har Ankara. A ƙarshen shekarun 2000 wani kamfanin iri na ƙasar Sanagal ya nemi hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallaka a ƙasashen da galibinsu rainon Faransa ne, ta yi masa rajistar iri da sunan Galmi. Manoman Nijar da ƙungiyoyinsu suka tashi tsaye suka ce kakanninsu ne suka zaɓo wannan iri shekara bayan shekara. Kamfanin ya janye daga sunan, daga baya kuma aka yi wa albasar Galmi rajista a matsayin kayan yankinta.

Nijeriya ba ta cikin OAPI, amma ta kafa dokar kare nau'o'in iri a 2021, kuma irin gwangwani na kamfanoni yana ƙara shiga kasuwannin ƙauye. Ya kamata jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Aliero da ma'aikatar gona ta jihar Sakkwato su zauna da manoman Kebbe da Tambuwal, a rubuta irin da ke hannunsu, da kamanninsa, da fadamar da ya fito, da sunan da su suke kiransa. Lamarin yana da gaggawa saboda halin irin kansa. Ƙwayar irin albasa, baƙa ƙarama, ba ta daɗewa: bayan shekara guda ƙarfin tsirarta yake raguwa ƙwarai. Dole kowace shekara wani ya ware kyawawan albasa daga cikin amfaninsa, ya hana kansa sayar da su, ya sake binne su, ya jira su yi fure su ba da iri. Ƙauyen da rashin tsaro ya hana noma shekara biyu a jere yana iya rasa irinsa gaba ɗaya.